Titin Mu'izz ko Gidan Tarihin Babul Khalƙ: ina za ku kai baƙinku in yini ɗaya gare ku a Alƙahira?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa su biyar ne, uku ɗaliban Azhar, biyu baƙi daga Kano da suka rako mara lafiya asibiti, yanzu sun samu sararin yini guda. Abin da suke son gani shi ne aikin hannun mutanen da, na zamanin Faɗimiyawa da Mamalik, daulolin Musulmi da suka mulki Masar, ba dala da gumakan Fir'auna ba. Wasu sun ce masa Titin Mu'izz, wasu sun ce Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ. Wanne ya fi?

Malam, in dole sai ɗaya, ku tafi Mu'izz. Amma ni ban ga dolen ba, domin daga ƙofar gidan tarihin zuwa Babu Zuwaila, inda titin ya tuƙe ta kudu, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Abin da ya cancanci gardama shi ne da wanne za ku fara, kuma awa nawa za ku ba kowanne. Hakan kuwa ba ya rabuwa daidai sai kun san abin da kowannensu ya riƙe da abin da ya rasa.

Mu'izz kamar ɗakin amarya ne da aka kwashe wa jere: ɗakin yana nan da girmansa, jeren kuwa yana Babul Khalƙ. Da ma dalilin kafa gidan tarihin ke nan. A farkon shekarun 1880 aka fara tattara fitilu da ƙofofi da katakan masallatai masu lalacewa ko salwanta, ana ajiye su a Masallacin Hakim, can ƙarshen titin ta arewa. Da wurin ya yi kaɗan, sai aka yi musu wannan ginin na yanzu, aka buɗe a 1903. Yau kayan da ke hannunsu sun haura dubu 100, amma waɗanda aka baje wa mai kallo dubu huɗu ne da ɗoriya, a ɗakuna 25. Gefe ɗaya an jera su bi da bi, daga Umayyawa zuwa Abbasiyawa, Faɗimiyawa, Ayyubawa, Mamalik, har Usmaniyawa. Ɗaya gefen kuma fanni-fanni: magani, ilimin taurari, rubutu, kuɗi, saƙa.

Ɗauki fitilun masallaci. A kan titi za ku gan su rataye da sarƙa can sama, amma galibinsu kwaikwayo ne. Na ainihin suna Babul Khalƙ, daidai tsayin idonka. Gilashi ne mai faɗin baki, wuya a tsuke, ciki a kumbure, da 'yan kunnuwa a jiki inda sarƙa ke kamawa. Ba a cikinsa kai tsaye ake zuba mai ba, wani ɗan kofi ne ake sakawa mai ruwa da mai da lagwani. A wuyan da yawa daga cikinsu an rubuta farkon Ayatun Nur da shuɗin fenti wanda aka gasa a wuta ya manne da gilashin. A cikin kuma ga sunan sarkin da ya sa aka yi, amma nan sai maƙerin ya juya dabara, ya fente fili ya bar haruffan a wanke, don in an kunna haske ya fito ta cikin sunan. A wasu za ka ga tambarin muƙamin mai fitilar: kofi in mai shayar da sarki ne, gidan alƙalami in magatakarda ne. Ka ga wannan ba abin da za ka gane ba ne kana ɗaga kai a masallaci wuyanka na ciwo. Gilashin nan sun sha wuya kuwa. Bam ɗin da ya tashi ranar 24 ga Janairu 2014 a hedikwatar 'yan sanda da ke tsallaken titi ya lalata kaya 179 a gidan, kuma sai a Janairun 2017 aka sake buɗe shi bayan gyara.

Abin da nake so kada ku wuce shi da sauri shi ne dogayen katakan fadar Faɗimiyawa na ƙarni na 11. Fadojinsu biyu, ta gabas da ta yamma, su ne suka sa har gobe ake kiran tsakiyar Mu'izz da Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu, alhali fadojin sun shuɗe tun bayan faɗuwar daular a 1171. Da Sarki Ƙalawun na Mamalik ya zo gina asibitinsa a filin fadar yamma, magina sun tarar da katako mai kyau, suka sake amfani da shi, suka ɓoye fuskar sassaƙar. Ɓoyewar nan ita ta tsare su har masu gyara suka gano su a farkon ƙarni na 20. Matsa kusa ka gani: mafarauci a kan doki, mai shaho a hannu, mai kiɗan molo, mai busa sarewa, masu rawa, barewa da zomaye suna gudu cikin rassan ganye, kowane hoto bai fi tafin hannu ba. Na san a cikinku akwai wanda zai ɗaure fuska ya ce me ya kawo hoton mai rai fadar halifa. To, kun samu abin tattaunawa a hanyar gida. A titi ba za ku ga irin wannan ba sam, domin galibin abin da ya tsira a can masallatai ne da makarantu da ƙaburbura, su kuwa adonsu rubutu ne da ganye da zanen lissafi.

Sauran abin tsayawa a gidan: butar tagulla mai bakin zakara yana cara, wadda ake jingina wa Marwan na biyu, halifan Umayyawa na ƙarshe da aka kashe a Masar a 750, ƙyauren Azhar na katako mai sunan Halifa Hakim, na shekarar 1010, wanda ya kamata ku 'yan Azhar ku gaisa da shi, mihrabin katako na Sayyida Ruƙayya, da teburin tagulla mai kusurwa shida da aka cusa wa azurfa da zinariya, mai sunan Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, na shekarar 728 ta Hijira. Shi ne sarkin da ya karɓi baƙuncin Mansa Musa na Mali a 1324, shekaru kaɗan kafin a ƙera teburin. Ku gaya wa baƙin Kano wannan, za su ƙara minti biyar a gabansa.

Aibin gidan tarihi ga ayarin mutum biyar sananne ne. Bayan awa ɗaya da rabi ƙafa ta fara nauyi, kwanukan tangaran sun fara kama da juna, wani ya zauna a benci yana latsa waya. Magana sai ƙasa-ƙasa. In babu mai karanta bayanin Larabci ko Turanci yana fassara wa baƙi, rabin daɗin ya tafi.

Titin kuwa ba ya barin kowa ya yi gyangyaɗi. Tsawonsa kusan kilomita ɗaya ne, daga Babul Futuh na 1087 zuwa Babu Zuwaila na 1092, kuma shi ne ƙashin bayan birnin tun da Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya kafa shi a 969. Abin da yake bayarwa wanda akwatin gilashi ba zai iya ba shi ne girma. Ginin Ƙalawun, na 1284 zuwa 1285, cikin wata goma sha uku aka tashe shi. Za ka bi wani dogon zaure mai duhu, makaranta a hagu, ƙubba a dama, asibiti a gaba. Da ka shiga ƙubbar sai ka ji bakinka ya mutu. Manyan ginshiƙan jan dutse huɗu da aka ciro daga tsofaffin gine-gine, da dirkokin gini huɗu, su ke ɗauke da rufin. Ƙabarin yana tsakiya cikin shingen katako mai huji-huji. Bangon daga ƙasa an lulluɓe shi da ƙananan duwatsu masu launi da ɓawon kifin lu'ulu'u, kuma in ka natsu za ka ga wasu murabba'ai da ka ɗauka zane ne kawai, ashe sunan Annabi Muhammadu (SAW) ne aka maimaita da rubutun Kufi. Haske yana saukowa ta tagogin gilashi masu launi. Rufin ƙubbar kansa sabo ne, na farkon ƙarni na 20, amma na ƙasa ya ishe ka kallo.

Kuna fitowa, ku tsaya a ƙofar da ke maƙwabtaka da shi, ta makarantar Nasir Muhammad. Mutane da yawa suna wuce ta ba su lura ba. Farin dutse ne, bakanta mai tsini, siraran ginshiƙai jere a kowane gefe suna shiga ciki layi bayan layi, irin na manyan majami'un Faransa. Ƙofar coci ce ta gaske. Daga Akka aka kwaso ta bayan Sarki Ashraf Khalil ya ƙwace garin daga hannun 'yan Salibiyya a 1291, aka kafa ta a nan, aka sassaƙa sunan Allah a samanta. In akwai mai sha'awar ganin aikin Turawa na wancan zamani a cikinku, ga shi nan a bakin titi, kyauta.

Na uku a jeren ita ce makarantar Barƙuƙ, ta 1384 zuwa 1386, mai ƙyauren tagulla da taurari, da rufin shuɗi da ruwan zinariya a ɓangaren alƙibla. An karantar da mazhabobi huɗu a cikinta, kuma Ibn Khaldun yana cikin waɗanda aka naɗa su karantar da fiƙihun Malikiyya. A tsallaken titi kuma ga makarantar Salihiyya, inda ya zauna alƙalin Malikiyya. Ga wanda ya tashi da Iziyya da Risala, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan gaba kaɗan sai Masallacin Aƙmar na 1125, ƙarami, wanda ƙasar titi ta taso ta fi shi tudu har sai an sauka matakala. Fuskarsa ta bi layin titi, cikinsa ya karkata ya fuskanci alƙibla, bambancin an ɓoye shi a kaurin bango. Magina da yawa da suka zo daga baya wannan dabarar suka bi.

Shi ma titin da nasa aibin. Ba duk abin da ya tsufa a ido ne na zamanin da kuke nema ba. Gidan shan ruwan nan da ya raba titi biyu, wanda kowa ke hoto a gabansa, na Abdurrahman Katkhuda ne, 1744, zamanin Usmaniyawa. Baitus Suhaimi na 1648 ne. Masallacin Hakim, duk da an gama shi a 1013, gyaran da 'yan Bohra, wata ƙungiyar Shi'a ta Indiya, suka yi masa wajen 1980 ya sa farfajiyarsa tana ƙyalli kamar ta jiya; hasumiyoyinsa ne abin kallo. Bayani a rubuce kaɗan ne, ado mafi kyau yana can sama inda ido ba ya kaiwa sosai, ga masu talla, ga 'yan makaranta masu neman hoto da ku. Da yamma kuwa taro ne kamar ranar salla. Fitilu suna kyau da dare, amma a lokacin an rufe gine-ginen da ake shiga da tikiti, don wajen ƙarfe biyar suke tashi. Wannan ne kuskuren da yawancin ɗalibai ke yi: su je bayan magariba, su ci masara, su yi hoto, su dawo su ce sun ga Mu'izz, alhali ko zauren Ƙalawun ba su taka ba.

Maganar kuɗi ba ta raba gardama. Tafiya a titi kyauta ce, masallatan da ake salla a ciki ma haka, sai ɗan na goro ga mai tsaron takalma. Gine-ginen Bainal Ƙasraini tikiti ɗaya ne ya haɗa su, hawa Babu Zuwaila nasa daban, gidan tarihi nasa daban. Ku uku ku riƙe katin makaranta, akwai rangwamen ɗalibi. Baƙin su biya na baƙo.

Ga yadda zan tsara muku. Ƙarfe tara ku kasance a Babul Khalƙ, tun ƙafa tana da ƙarfi kuma ido bai gaji ba. Ku nufi ɗakunan Faɗimiyawa da Mamalik kai tsaye, ku ba su awa biyu, sauran ku ratsa kawai. Daga nan ku bi Titin Ahmad Mahir zuwa Babu Zuwaila. Masu ƙwari su hau hasumiya, matakalar tana da ƙunci amma daga sama za ku ga titin gaba ɗaya a shimfiɗe. A wannan ƙofa aka rataye Ɗuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Ku yi azahar a Masallacin Mu'ayyad da ke manne da ita, wanda ƙyaurensa na tagulla daga Masallacin Sultan Hasan aka ɗauko shi. Sai ku ratsa kasuwar yadi ta Guriyya, ku tsallaka Titin Azhar, ku ci kushari, abincin Masar na shinkafa da taliya da adas, ku kora da ruwan rake, amma kada hira ta ja ku: ƙarfe biyu ta yi muku a ƙofar Ƙalawun. La'asar a Aƙmar, magariba a Hakim, ku fita ta Babul Futuh.

Wannan tsarin ya fi juyinsa, domin wanda ya fara ganin fitila da katako a kusa, in ya shiga ginin yakan iya mayar da kowanne gurbinsa a zuci. Wanda ya fara da titi kuwa a galabaice zai isa gidan tarihi, ana shirin rufewa.

Abu biyu ne za su sa in sauya shawara. In cikin baƙin akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa, ko kuma tsakiyar zafin Yuli da Agusta ne, ku tsawaita zama a gidan tarihi, sannan ku ɗauki mota zuwa wajen Masallacin Husaini, ku shiga Bainal Ƙasraini kaɗai ku bar sauran titin. Kuma ku guji Juma'a, ana rufewa lokacin salla, yinin zai tsinke muku biyu. Masallacin Ibn Ɗulun da na Sultan Hasan, waɗanda na san wani zai ce a cusa, suna can wajen Ƙal'a, wato ganuwar Salahuddin, ranarsu daban.