Tulif ɗin lambu da na daji: wa ke dawowa baɗi?

Ɗan'uwa, ka ce tulif ɗin da ka dasa, tsiron furen nan mai fitowa daga dunƙule, ya yi fure gwanin sha'awa a shekarar farko, a ta biyu kuwa sai ganye zalla, kuma kana son sanin bambancinsa da na daji. Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce.

Na daji ɗan dutse ne. Asalinsa tsakiyar Asiya, wajen tsaunukan Tiyan Shan da Pamir, ya bazu har Iran da Turkiyya, iri kusan 75. Can hunturu dusar ƙanƙara ce, in ta narke a sami ɗan danshi, sai rani ya zo ƙasa ta bushe ƙayau. Shi ya sa yake tara abincinsa a dunƙulen nan mai kama da albasa, ya yi fure cikin gaggawa, ya koma barci. Yawanci gajere ne, santimita 10 zuwa 25, furensa ƙarami. Idan rana ta take sai ya buɗe shar kamar tauraro, da yamma ya tsuke bakinsa. In wuri ya karɓe shi, kowace shekara yana nan, har ya hayayyafa.

Na lambu kuwa ɗan gata ne. Turkawan Daular Usmaniyya sun yi fice wajen zaɓensa, ya shiga Turai a ƙarni na 16, masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a Leiden ta ƙasar Holan a 1593. Sunan ma daga kalmar Farisanci ta rawani ya samo asali, in ka kalli furen kafin ya buɗe za ka ga dalili. Tun daga nan ake ta haɗa iri don tsawo da girman fure da launi, har ya kai santimita 60 ko fiye. Fari, ja, rawaya, har mai duhu kamar baƙi duk akwai, shuɗi na gaskiya ne dai babu.

To amma halin kakanninsa bai bar shi ba, kuma a nan naka ya maƙale. Dunƙulen yana bukatar sanyi ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Celsius na mako 12 zuwa 16 kafin ya yi fure. Sannan uwar da ka dasa ƙarewa take yi bayan fure, ta bar 'ya'ya. Tono ɗaya ka gani: ɓawo ruwan ƙasa kamar takarda, a ciki ƙananan dunƙule uku ko huɗu. Wanda bai kai girma ba ganye ɗaya zai fitar ya yi shiru. Wanda ka saya manoma ne suka yi kiwonsa har ya ƙoshi, shi ya sa ya yi fure a shekarar farko. In kuma ka yanke ganye tun yana kore, ko ka ci gaba da ban ruwa da rani, ka ƙara masa wahala.

Akwai tulif ɗin lambu masu zane-zane a jikin fure da suka haukata 'yan kasuwar Holan har ciniki ya rushe a Fabrairun 1637, ashe zanen aikin ƙwayar cuta ne da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa. Ita ke yi musu ado, ita ke raunana su.

Ni dai in furen da za ka yanka ka sa a kwalba kake so, ɗauki na lambu, ka sa a ranka sabo za ka dasa duk shekara, ko ka nemi wani irin na lambu da ake kira Darwin, ya fi saura juriya. In wanda zai zauna kake nema, na daji, a ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa. Kada dai ka ce da ƙwayar iri za ka fara, sai ka jira shekara 5 zuwa 7 kafin fure na farko.