Shagon Shirya Takardun Tsofaffin Sojoji a Sabon Garin Zariya

Akwai wani ƙaramin shago a Sabon Gari wanda aikinsa shi ne shirya wa tsofaffin sojoji takardun fansho da na diyyar nakasa kafin a miƙa su ga Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Ba mamaki sana'ar ta samu gindin zama a garin da ake horar da kuratan soja tun 1924.

Mai shagon tsohon saje ne, kuma ya san kan aikinsa. Yakan shimfiɗa takardar sallama da rahoton likita a kan tebur, ya bi suna da lambar soja harafi bayan harafi, domin ɗan saɓani tsakanin sunan da ke banki da wanda ke takardar sallama ya isa ya riƙe wa mutum kuɗinsa. Dattawan da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa, sai ya karanta musu komai da Hausa kafin su sa hannu. Kuɗin aikin a rubuce yake a bango, ba ya kuma neman kaso daga abin da aka biya mutum.

Inda ya gaza shi ne batun waɗanda abokan gaba suka taɓa tsarewa. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, "Baba, a ina harsashin ya same ka?" Wanda ba shi da tabon nunawa sai a cika masa takardar fansho kawai, alhali fursunan yaƙi yakan dawo da gyambon ciki, ko ciwon gaɓoɓi, ko firgita cikin barci. A Amurka doka ta ɗauka cewa tsarewar ce ta jawo wa tsohon fursuna ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ba tare da an ce ya kawo hujja ba. In ya kai kwana 30 a tsare, har gyambon ciki da cututtukan yunwa suna shiga lissafi. Sajen ba shi ke yin dokar Najeriya ba, amma ya kamata ya riƙa tura irin waɗannan dattawa asibitin Shika ko asibitin soja na 44 da ke Kaduna, a rubuta ciwonsu a takarda.

Ƙofar shagon ma matakala ce babu gangara, don haka mai keken guragu sai ya zo da wanda zai kama masa.