Jama'ar Maiwurno da ƙauyukan Sinnar, a kula da mai 'yan tsakin nan

Salam ya jama'a. Don Allah duk wanda ya ga wannan ya karanta wa iyayenmu mata na gida, don su yake bi. Akwai wani mutum da ke yawo a raksha (babur mai ƙafa uku) da kwalaye cike da 'yan tsaki, yana cewa kajin ƙwai ne na gona, wai kowace za ta riƙa yin ƙwai kullum ba irin baladi namu ba. Wallahi ƙarya yake, zakaru ne zalla, irin waɗanda masu ƙyanƙyasa ke warewa tun ranar farko su sayar a banza tunda ba ƙwai za su yi ba.

Gwaggona ya cuta. Awakinta biyu ta kai kasuwa, ɗaya ma da ciki, ta karɓi tsaki hamsin, kuma kun san tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a 2023 abin da ke tsakar gida shi ne bankin talaka. Ta ɗinga zuba musu dawa da umbaz (tunkuzar gyaɗa ko riɗi) tana kwana kusa da akurki saboda sanyi, sati shida sai ga zanko ja ya tsaya a kan kowanne, kafin wata uku gida ya cika da cara. Har lokacin ba ta yarda ba, wai "ɗana bari dai mu gani", don kazar ƙwai sai ta kai wajen sati 18 zuwa 20 take farawa, kuma wannan jiran ne mafakar mutumin, kafin ka gane ya yi nisa, lambar da ya bari ma a kashe take.

Abin da ya fi ƙona min rai har da wata kwalba ya sayar mata wai rigakafi, daga aljihun jallabiyarsa ya zaro ta da tsakar rana. Rigakafin kaji irin Lasota a sanyi ake ajiye shi, in zafi ya taɓa shi ya mutu, in an haɗa da ruwa kuma cikin awa biyu ake gamawa. Goma sha ɗaya suka mutu mata.

In ya zo muku kada a ba shi ko jine ɗaya, kada a tura ta waya. Ku ce ya faɗi gonar da ya ɗauko, ku kira baitari, wato likitan dabbobi, ya duba tukuna. Na ji an ce ya nufi wajen Sinja, masu 'yan uwa can a buga musu yau.