Hatimin 'yan kasuwar Sin ko tallan Ingila: wanne za ka tara?

Wanda ke sha'awar tara tsoffin tsabar kuɗin da 'yan kasuwa suka buga wa hatimi yana da zaɓi biyu a gabansa.

Na farko azurfar da ta ratsa kasuwannin Sin ce: dalar Sifen, ta Meziko, da dalar ciniki da Amurka ta fara bugawa a 1873. Ɗan kasuwa kan gwada tsabar, in ya gamsu ba jabu ba ce, sai ya buga mata ƙaramar alamarsa. Wata ta sha hatimi har ta lotsa, hoton da ke jikinta ya ɓace. Hatimin nan shaidar amana ce. Sai dai da wuya ka gano mai alamar, ga azurfa da tsada.

Na biyu tagulla ce, kuma talla ce zalla. Edward Lloyd ya riƙa buga sunan jaridarsa a kan kwabon Ingila, har majalisar dokoki ta haramta ɓata tsabar ƙasar a 1853. Daga baya kamfanin sabulun Pears ya kewaye dokar: ya shigo da kwabban Faransa na santim 10, masu girma kusan ɗaya da na Ingila, ya buga musu sunansa.

Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da tagullar, domin akwai suna, kana iya bin sawun mai shi har garinsu. Amma ka duba da kyau kafin ka saya. Sabon hatimi mai kaifi a kan kwabon da ya goge sosai abin tuhuma ne.