Mujallar tsangaya ko ta Scopus? Amsar tambayar Malama

Malama ta tambaya a guruf cewa ta ciro maƙala daga babi na huɗu na kundin mastas ɗinta, amma ta rasa inda za ta kai, mujallar tsangayarsu ko ɗaya daga cikin waɗanda ke rumbun tantance mujallu na Scopus. To Malama ga yadda nake kallon abin.

Ta gida dai kin san sauƙinta, kuɗin naira ne, editan ma wataƙila ofishinsa na kusa da naki, kuma in an yi sa'a fitowa ta gaba aikinki na ciki. Kuma kar wani ya ce miki duk na gida shirme ne, mujallar kimiyya ta BAJOPAS ta Jami'ar Bayero tana kan AJOL, shafin intanet na mujallun Afirka, kowa a duniya zai iya samunta, sannan in aikinki kan harshe ko adabin Hausa ne kuma da Hausa kika rubuta, ai masu karanta ki suna wajen mujallu irin su Harsunan Nijeriya ne. Inda matsalar take shi ne da yawa daga cikin mujallun sashe kwafi kaɗan ake bugawa a raba wa marubuta a jibge sauran a kabad, babu DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, babu shafin intanet mai aiki, sai ki sha wahalar shekara biyu a fili da laburare amma wanda ke Zariya ma bai san kin yi ba balle na Nairobi. Wannan yana min ciwo wallahi.

Scopus kuma ba mujalla ba ce, rumbun tantance mujallu ne na kamfanin Elsevier da aka buɗe a 2004. Na cikinsa ba sa wasa, edita zai iya dawo miki da maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da ya ma tura wa masu dubawa ba, in ta wuce nan mutum biyu ko uku ne za su bi ta layi-layi, su tambayi dalilin yawan mutanen da kika ɗauka, su ce sake lissafin nan, ki gyara ki mayar su ƙara dawowa da wani, watanni dai sai sun tafi. Amma gyaran nan karatu ne kyauta, maƙalar da za ta fito ta fi wadda kika tura nesa ba kusa ba.

Maganar kuɗi mutane na ruɗewa sosai. Ba duka ke karɓa ba, akwai da yawa da za ki buga ba ko sisi, mai karatu ne ko laburarensa ke biya. Cikin waɗanda ke buɗe maƙala kyauta ga kowa ne aka fi samun masu cajin marubuci da kuɗin waje, Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, sai dai wasu na yin rangwame ga masu bincike daga ƙasashe irin namu, ki nema tun lokacin turawa, kar ki bari sai an karɓa.

Ni abin da ya sa nake cewa ki fara da Scopus ɗin in bayananki na da ƙarfi shi ne, ba a tura maƙala ɗaya wuri biyu lokaci guda, kuma da zarar ta fito a gida shi ke nan ba za ki sake buga ta a waje ba. In na waje sun ƙi, kin samu gyaransu ki dawo gida da ita. In kuwa ƙarin girma ya matso ko ana jiran maƙalar kafin ki kare kundi, to ta gida mai DOI ta fi miki, amma fara karanta ƙa'idar ƙarin girma ta jami'arku ki ga maki nawa suke ba kowacce, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su duba ta CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Sai masu turo imel suna yabon aikinki suna alƙawarin bugawa cikin sati ɗaya da tambarin Scopus a shafinsu, ki rabu da su. Ki ɗauki lambar shaidar mujallar, wato ISSN, ki duba da kanki a jerin mujallu na shafin Scopus, ki tabbata har bana tana ciki don suna cire wasu, kuma ki nuna wa sufabaizanki kafin ki tura tunda sunansa zai hau kai.