Wanki da kanka ko wanki da guga: wanne zai karɓu a Samaru?

Ɗan'uwa, ka ce lokacin da kake karatu a Malesiya ka saba da shagunan da mutum ke shiga da kayansa, ya zuba a inji, ya biya, ya zauna yana danna waya har su wanku su bushe, ba tare da hannun kowa ya taɓa masa tufafi ba. Yanzu ka dawo gida, ka samu shago a Samaru kusa da ABU, kana neman shawara ko ka buɗe irin wancan, ko ka tsaya ga wanki da guga da muka sani. Duk da cewa dukansu omo da ruwa suke ci, sana'o'i ne biyu, kuma abin da kowacce ke sayarwa daban ne.

Mai wanki da guga hannu yake sayarwa. Wanda ya kai masa shadda ranar Laraba ba fitar da datti ce ta fi damunsa ba, so yake ranar Juma'a ta fito da sitati daidai, da kari a hannun riga, ta yi ƙyalli. Mai shagon wanki da kanka kuwa hayar inji yake bayarwa, na minti arba'in ko awa ɗaya. Haka ma sana'ar ta faro: shagon farko da aka buɗe a Fort Worth ta jihar Texas a 1934 hayar inji yake bayarwa da awa, kuma sai 1949 irinsa ya isa Landan. A can ta kafu ne saboda ɗakunan haya ƙanana ne, ba wurin shanya, kuma ɗaukar mutum ya yi maka wanki tsada gare shi. Mu a nan rana kyauta ce, igiyar shanya na kowane tsakar gida, mai wanki kuma har ƙofar gida yake zuwa ya yi a kan kuɗi kaɗan. Saboda haka kada ka ɗauka cikar da ka gani a Kuala Lumpur za ta biyo ka Zariya don kawai ka girke injuna.

Fara da duba kayan da mutanenmu ke sawa. Babbar riga mai aiki, shadda mai tsada, leshi mai duwatsu, hular Zanna: babu mai hankalin da zai jefa su cikin inji ya danna maɓalli. Hula ma masu wankinta daban ne. Waɗannan duk na mai guga ne, kuma su ne masu kawo kuɗi mai kauri. Abin da ya rage wa inji shi ne jins, riguna 'yan kanti, kayan makaranta, hijabai, tawul, zanin gado, labule da bargo. A Samaru wannan ba ƙaramar kasuwa ba ce, domin ga ɗalibai, ga masu bautar ƙasa, ga ma'aikatan asibitin koyarwa na Shika da ba su da lokacin durƙusawa gaban bokiti. Da a cikin birni ka ce, unguwar da kowane gida ke da yara da masu aiki, da na ce ka manta da maganar.

Wajen jari, tazarar na da faɗi. Wanki da guga za ka fara shi da tebur biyu, dutsen guga, bahuna, inji ɗaya na gida da yara biyu. Wanki da kanka kuwa kuɗin gaba ɗaya a farko ake zuba shi, kuma kusan komai da dala ake shigo da shi, ga yadda naira ta koma tun 2023. Kuma ba injin gida ake sawa ba. Na gida an ƙera shi ne don wanki 'yan lokuta a mako. Ka ɗora masa shida a rana, kafin shekara bearin ya fara kuka. Na kasuwanci, irin su Speed Queen, Electrolux Professional, Girbau da na LG masu aikin kasuwa, su ne ke jure wannan wahala. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi mai sayarwa abu biyu: wa zai gyara idan ya tsaya, kuma a ina ake samun famfonsa da bel da bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin. Ɗan Beljiyam mai arha wanda sai an yi odar kayan gyaransa daga waje zai iya zama wata biyu a kashe yana cin kuɗin haya.

Lissafin wannan sana'a a kan abu ɗaya yake tsaye: sau nawa kowane inji ya juya a rana. Kamar motar haya ne, in tana ajiye a tasha asara take yi. Kuɗin shago, albashin mai tsaro da kuɗin da ka kashe kan injin ba sa raguwa don ba kowa ya zo. Inji shida masu juyi biyu a rana da inji shida masu juyi biyar, ɗawainiyarsu ta wata kusan ɗaya ce, amma na farko da ƙyar kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Mai guga ba shi da wannan matsalar sosai. In kasuwa ta ja baya sai ya rage yara, tunda yawanci a kan yawan kayan da suka goge ake biyansu.

Wuta ce inda za a yi ta. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar Band A, wato layin da aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, amma bai sauko ƙasa da 200 ba a wannan shekarar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne injin wanki kansa ba ya shan wuta sosai muddin da ruwan sanyi yake aiki. Bai kai yunit ɗaya a wanki guda ba, kuma sola mai inbata mai ƙarfi za ta iya ɗaukarsa. Mai shan wutar shi ne duk abin da ke kawo zafi: hita, dutsen guga da injin busarwa. Ɗauki injin busarwa mai cin kilowat 5, ya yi minti 45, ya sha kusan yunit 4, wato wajen naira 800 a busarwa ɗaya a farashin 2024 kafin ka ci riba, kuma wannan a wutar Kaduna Electric ke nan, ba a janareta ba. Shi ya sa masu shagunan ke sayen injin busarwa mai aiki da gas, wanda lantarki kaɗan yake buƙata don juya ganga. Ga kuma inda mai guga ya fi ka: in an ɗauke wuta sai ya hura gawayi ya ci gaba. Kai kuwa in wuta ta tafi ana tsakiyar wanki, ƙofar injin a kulle take, kayan mutum na cikin kumfa, shi kuma yana tsaye a kanka yana da lacca ƙarfe biyu. Dole sai da madadin wuta mai kamawa nan take, da kuma sitabilaiza, domin wuta mai rauni ita ke ƙona bod.

Ruwa ma a yi masa lissafi da biro. Injin da ake buɗewa ta gaba, mai kilo 8 zuwa 10, yana shan wajen lita 60 a wanki ɗaya. Wanda ake buɗewa ta sama yakan ninka haka. Inji shida, juyi huɗu kowanne, lita 1,440 ke nan, kusan jarka 58 mai lita 25. Ba aikin 'yan garuwa ba ne. Sai rijiyar burtsatse, tanki a sama, da famfon da zai ba ruwan ƙarfi, saboda in ruwa na tsiyaya a hankali injin tsayawa yake ya nuna alamar matsala. Ka kuma tuna duk ruwan da ya shiga sai ya fita. Lita dubu da ɗoriya ta ruwan omo kullum a lambatun unguwa, ba za a yi mako biyu ba maƙwabta sun kai ƙara gun mai unguwa. A gina rami tun kafin a kawo inji.

Na fi son mai buɗewa ta gaba duk da tsadarsa, ba don ruwa kaɗai ba. Matsarsa ta fi ƙarfi, kaya na fitowa da ɗan danshi kawai, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan ya isa: ɗalibi ya kai ɗaki ya rataya, kafin la'asar sun bushe. Don haka ba sai ka sayi injin busarwa ɗaya ga kowane injin wanki ba kamar yadda ake yi a ƙasashen sanyi. Biyu sun ishe ka farawa. Lokacinsu damina ne, musamman Agusta da kaya ke kwana biyu a igiya suna tsami, da kuma hunturu ga wanda ba ya son ƙura ta hau farin kaya.

Akwai abin da ba ya cikin takardar kamfani, wato tsarki. Mutum zai tambaye ka, wanda ya riga ni me ya wanke a ciki? Ko kayan fitsarin yara ne? Da waɗannan kayan zai yi salla. Ko a Malesiya maganar ta taso: a 2017 wani shago a Muar ta jihar Johor ya kafa allo cewa Musulmi kaɗai yake karɓa, har Sarkin Johor ya tsawatar, aka cire. Ba wariya ce mafita ba. A nuna wa mutum cewa injin na zubar da ruwan farko ya ɗauraye da sabon ruwa fiye da sau ɗaya, a ware inji guda don kayan jarirai, kuma wanda ya so a ba shi ƙarin ɗauraya a kan kuɗi kaɗan. Ta ɓangaren mata kuwa, a nan wanki da kanka ya yi wa mai guga fintinkau. Mace ba ta kai wa namiji ƙananan kayanta ya wanke. In ka tanadi gefe mai labule, ko sa'o'in da mace ce ke tsaron shago, ka samu kwastomomin da mai guga ba zai taɓa gani ba.

Shagon da ba kowa a ciki, irin wanda ka gani a buɗe dare da rana, ka cire shi daga rai. Kuɗin ƙarfe, irin wanda ake jefa wa inji, ba ya yawo a hannun mutane a Najeriya, sai dai POS da taransfa, mai tsaro ya kunna inji ko ya ba da ƙarfen shago da ake jefa wa injin a madadin kuɗi. Kuma yawancin masu zuwa ba su taɓa aiki da injin ba. Za a cusa kayan mako uku a danna da gwiwa, a zuba omon wankin hannu rabin leda har kumfa ta fito ta ƙofa. Ka buɗe matatar famfo da ke ƙasan injin bayan kwana bakwai ka ga abin mamaki: fil ɗin hijabi, murfin biro, ƙwayar carbi, guntun asuwaki, ɗaurin gashi. Mai tsaro ne zai laluba aljihu, ya auna kaya, ya ba da omo a ma'auni, ya kwashe audugar da ke taruwa a ragar injin busarwa, wadda in aka bari ta taru gobara take jawowa. Sai dai duk da haka ciwon kanka bai kai na mai guga ba. Shi in yaro ya ƙona shaddar Alhaji ko wando ya shiga ledar wani, daga aljihunsa zai biya, wani lokaci har da rasa gidan baki ɗaya. Injunan kasuwanci da yawa kuma suna ƙirga juyinsu, ka ga da dare za ka gwada lambar da kuɗin da aka miƙa maka.

Samaru na da nata hatsarin. In makaranta ta tafi hutu, kasuwar ta tafi. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya ci bashin banki ya sayi injuna don ɗalibai kawai a wannan shekarar, ka san halin da zai shiga. Mai guga shi ma lokacinsa ya san shi, Juma'a da jajibirin salla da lokacin bukukuwa, amma magidanta ba sa tafiya yajin aiki.

Da ni ne a matsayinka, haɗa su zan yi, amma inji ne a gaba. Inji huɗu matsakaita, babba ɗaya mai kilo 18 ko 20 saboda bargo da labule, wanda shi ne abin da ko mai injin gida ba ya iya wankewa, busarwa biyu na gas, da teburin guga a baya. Asabar da Lahadi da yamma ɗalibai su yi da kansu. Safiyar Litinin zuwa Alhamis da shago ke zama fayau, a cike ta da kayan ajiye-ka-dawo da ake caji a kan kilo, da zannuwan gadon ƙananan otal-otal da masaukan baƙi, da ɗauko-da-kaiwa a babur ta WhatsApp zuwa gidajen malaman jami'a. Kada ka ƙara inji sai ka ga mutane na layi suna juyawa a ranakun da ba na hutu ba, kada kuma ka yi zancen reshe na biyu a Kongo ko Sabon Gari sai shagon farko ya ratsa damina guda da dogon hutu guda yana biyan kansa. Kafin ka ba da kuɗin haya, ka nemi yarjejeniya a rubuce ta shekara uku zuwa biyar, da izinin fasa ƙasa da haƙa rijiya, domin bututu da kankaren da ka zuba ba sa bin ka in mai gida ya ce ka tashi.