Daga Birmingham Zuwa Kaduna: Wace Ƙaramar Mota Ce Ta Cancanci Kuɗin Jirgi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tara ƙananan motocin ƙarfe a Kaduna, manya da ƙanana. Ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya sa kowa yana lafiya.

Saƙon da ya fi zuwa daga gida kusan iri ɗaya ne: "Yaya, ai a can suna da araha, a ciko mana jaka." Gaskiyar magana, da yawa daga cikin abin da ake roƙo a aiko bai kai kuɗin dakonsa ba. Akwai kuwa motar da ke kwance a tabarmar mai gwanjo a Kasuwar Barci wadda da a Ingila take, da sai an yi rububinta. Abin da mutanen nan suka fi mu shi ne, ba sa taya mota sai sun kifa ta sun karanta rubutun cikinta.

Mu fara da sababbi. Hot Wheels da Matchbox na yau da kullum ana samun su a Smyths da The Entertainer, har da kantunan cefane irin su Tesco da Asda, kuma kuɗin guda bai cika nisa da fam biyu ba. Katon ɗin Hot Wheels yana zuwa da mota 72. A cikin wasu katon akan samu wadda ake kira Treasure Hunt, tsarin da Mattel, kamfanin da ke yin Hot Wheels, ya fito da shi a 1995, alamarta harshen wuta cikin da'ira a jikin motar. Wadda ta fi ta daraja ita ce Super Treasure Hunt, da aka fara a 2007: tayoyinta na roba ne mai laushi, fentinta mai ƙyalli ne kamar ana hango ƙarfen ta ƙarƙashinsa, kuma akwai TH a jikinta. Masu farautarsu tun da sassafe suke dirar wa kanti, saboda haka kada wanda ya zo hutun sati biyu ya sa rai zai tarar da ita a rataye tana jiransa. Sauran kuwa ana buga su ne da yawan gaske a Maleshiya da Indonesiya da Tailan, kuma in ka ajiye su shekara goma, mafi yawansu kuɗinsu yana nan inda ka bar shi. Kowace da kwalinta takan kai giram 40 zuwa 50. In don yara ne, a saya a gida. Abin lura kawai shi ne jabu, domin a shagunan kayan wasa na Kasuwar Gumi da kan titi akwai masu kama da su sosai. Ta gaskiya tana da tambarin kamfani da sunan motar da ƙasar da aka ƙera ta a ƙarƙashinta. In ka ga cikin mota fayau ba rubutu, ko tayoyinta suna karkarwa in an tura ta, ka san ba ita ba ce.

Waɗanda suka cancanci kilo a jaka su ne masu inganci, waɗanda wasunsu ƙarfe ne sama da ƙasa da tayar roba mai laushi: Hot Wheels Premium, Mini GT, Tomica ta Japan wadda aka fara a 1970, da kayan Faransa irin Norev da Solido. Su ne da wuya a gan su a kanti a Kaduna.

A nan ne maganar Fijo ta shigo, kuma ni a ganina duk ɗan Kaduna da ke wannan harka da ita ya kamata ya fara. An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, sannan masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara haɗa Fijo a 1975. Wanda ya taso ya ga wagon tana lodi a tashar Kawo, ko a-kori-kura ta ɗauko buhunan masara, ba ya bukatar a yi masa bayanin darajarta. Norev da Solido sun yi 504, Dinky na Faransa ya yi 404 da 504, Majorette ma ta yi ƙaramar 504 a zamanin da take ƙera kayanta a Faransa. Sitiyarinsu yana hagu, daidai da namu tun bayan da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Sai dai ku sani, Ingila ba ita ce matattararsu ba. 'Yan kasuwar Faransa ne suka fi su, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, kayan da aka yi oda daga can sukan zo da ƙarin haraji da jinkiri. Wanda yake da ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam, shi ya fi dacewa ya roƙa.

Kafin a yi oda a fahimci awo. Lambar 1:43 tana nufin an raba tsawon motar gaskiya gida 43. Tsawon 504 ya kusa mita huɗu da rabi, don haka a 1:64 za ta zo kamar santimita 7, a 1:43 ta ɗan haura 10, a 1:18 kuwa ta kai 25, ga ƙofofi da bonet da but suna buɗewa a yawancinsu. Guda ɗaya ta 1:18 da kwalinta takan kai kilo ɗaya ko fiye. Ga mai jakar kilo 23, 1:43 ta fi riba nesa ba kusa ba. A kuma tambaya ko ta ƙarfe ce ko ta rezin, wato wata irin daskararriyar roba da wasu kamfanoni ke amfani da ita. Ta rezin tana da kyau a ido, amma ba abin da ke buɗewa a jikinta, tana karyewa in ta faɗi, kuma siririn gilashinta yakan ɓamɓare a zafi irin na watan Maris da Afrilu.

Tsofaffin motoci su ne inda gida yake da rabo ba tare da ya sani ba. Dilar kayan wasa da ke shigowa daga Turai da Amurka tana tahowa da abin da aka kwashe daga ɗakunan yaran da suka girma tuntuni, mai dila kuma da girma yake sa kuɗi, babba ta fi ƙarama tsada, shi ke nan. To ga abin da za a duba. Dinky Toys kamfanin Meccano ne ya fara su a Liverpool a 1934, masana'antar ta rufe a 1979. Matchbox na Lesney ne, a Landan, tun 1953, kuma Lesney ya durƙushe a 1982, don haka duk wadda aka rubuta wa "Made in England by Lesney" ta haura shekara arba'in. In tayoyinta ƙanana ne, masu launin toka ko baƙi, a kan sanda mai kauri, galibi kafin 1969 aka yi ta, domin a shekarar ne suka fara komawa tayoyi masu gudu na Superfast don su yi gogayya da Hot Wheels da ta fito a 1968. Corgi kuwa a Swansea aka fara ta a 1956. Hot Wheels na farko-farko suna da jan layi a gefen taya har zuwa 1977, kuma USA ko Hong Kong za ka gani a cikinsu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne shekarar da ke rubuce a ƙarƙashin Hot Wheels. Wannan shekarar rajistar zanen ce, ana iya ci gaba da buga motar shekara talatin ba a canza ta ba. Mota mai ɗauke da 1969 amma an rubuta Malaysia, sabon bugu ce, ko da kuwa tana da jan layi a taya, domin an sha maimaita shi. A na zamanin nan akwai harafi ɗaya da lamba biyu da aka buga daban, kamar N23, wato sati na 23 na shekarar 2020. Haka nan akwai Dinky da aka sake bugawa a Chaina da sunan Atlas, kyawawa ne ƙwarai, kwalinsu kamar na da, amma in ka kifa su za ka ga Atlas da China a rubuce.

Yadda ake sa wa tsohuwar mota kuɗi a nan ya sha bamban da namu. Akwai kasuwar da ake ci a fili ranar Lahadi da safe, daga bazara zuwa kaka, inda mutane ke buɗe but ɗin motarsu su baje tarkacen gida, kuma a nan ana samun waɗanda yara suka gurje a fam ɗaya ko ƙasa. Akwai bajekolin kayan wasa a babban zauren NEC na Birmingham, tebur ɗaruruwa, inda masu sayarwa sun san abin da suke riƙe da shi. Sannan akwai gwanjo na ainihi, wanda ake ƙari a kan ƙari har a buga guduma, irin na Vectis da ke Thornaby a arewa maso gabashin Ingila. A irin waɗannan gidaje ana ba mota matsayinta daban, kwalinta daban, tun daga wadda ba ta da ko ƙwarzane har zuwa wadda ta sha wuya. Kwalin asali mai lafiya yakan ninka kuɗin mota, wani lokaci fiye da haka, abin da ya sa yana ba ni takaici in ji an yaga kwali an yar a gida. Mai saye ya tuna ana ɗora masa la'adar da takan haura kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin guduma. A kasuwar intanet ta eBay kuma kada a dubi abin da mai kaya ya nema, a dubi jerin waɗanda aka riga aka sayar, nan ne farashin gaskiya yake. Wanda ya saya ta intanet daga hannun ɗan kasuwa mai rajista, doka ta ba shi kwana 14 ya fasa. A gida kuwa kun san ƙa'ida, kaya in sun bar tabarma sun bar ta, don haka idonka ne kaɗai garantinka.

Ga yadda za a duba a tsaye a kasuwa. Kifa motar ka dubi ƙusoshi biyun da suka haɗa bodi da ƙasanta. Na masana'anta kansu a murɗe yake, sumul, kamar ƙaramin zobe. In ka ga an huda su da dril, ko an sa sukuru, ko an cike ramin da gam, an buɗe motar, kuma galibi an sake mata fenti. Kunna kyamarar waya ka zuƙo hoton: tsohon fenti yana da 'yan gurzuwa a kusurwoyi da kan bamba, sabon feshi kuwa yana da kauri, yakan cike layin ƙofa, wani sa'in har ya taɓa sandar taya. Ɗora ta a kan gilashin waya ka ga ko tayoyi huɗun sun zauna. Motar asali mai tabo ta fi wadda aka yi wa sabon fenti daraja a wajen masana, saboda haka don Allah kada a kai tsohuwar Lesney wajen mai feshi da niyyar gyara ta.

Akwai wata cuta da ba ta da magani. Ƙarfen da ake zuba waɗannan motoci da shi sunansa zamak, tutiya ce aka gauraya da alminiyom kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam da jan ƙarfe. In dalma ta shiga cikin zubin tun a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, daga baya ya ruguje. Ta fi kama Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ana ganinta jefi-jefi a na zamani. Alamunta na farko su ne fenti ya yi ƙuraje, ƙofa ta daina rufuwa daidai, ko ƙasan motar ya lanƙwashe. Ba ta yaɗuwa daga mota zuwa mota, amma laima tana hanzarta ta. In ka ga haka, ajiye wa mai ita abarsa komai araharta.

Wajen ajiya, gida ya fi nan sauƙi ta fuska ɗaya. Kabad ɗin gilashi a Ingila yana da tsada, ladan ma'aikaci kuma ya fi shi, alhali a Kaduna mai haɗa shokes na alminiyom da gilashi zai yi maka daidai awonka. A ce masa faɗin kanta ya zama santimita 10 ga 1:64, 15 ga 1:43, 35 ga 1:18, a liƙa siririn soso a bakin ƙofa saboda ƙurar hunturu, a sa fitilar LED maimakon ƙwan da ke zafi. Kada kabad ya fuskanci taga, rana tana koɗar da jan fenti, tana mai da robar kwali ruwan ɗorawa. Ɗakin da ba silin a ƙarƙashin kwano bai dace ba, domin zafi yana sa tayar roba ta yi danƙo ta manne da abin da take kai. A watan Agusta a zuba ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa shanya su ana mayarwa, in ba haka ba sandar taya da ƙasan Dinky na gwangwani za su yi tsatsa. Ƙura kuma da burushi mai laushi ake kaɗe ta, goga ta da tsumma yana ƙwarzanar fenti. Datti ya samu ruwa da ɗan sabulu a auduga, a busar nan take. Fetur da tina da kananzir suna cinye gilashin roba.

Wanda za a aiko wa kaya ya faɗa wa mai ɗauko su yadda za a shirya. Kowace mota maras kwali a naɗe ta ita kaɗai da takarda mai laushi, kada biyu su haɗu ƙarfe da ƙarfe, kada kuma a ɗaure da roba, tana barin shaida a fenti. Masu kwali a jera su cikin mazubin roba mai tauri, a cike gurbin da safa. Ta 1:18 a tabbatar sukurorin da suka riƙe ta da gindin kwalinta suna ɗaure, a raba ta da jakar da ake jefawa, a riƙo ta a hannu tun daga filin jirgi har Idu, har jirgin ƙasa ya sauke mutum a Rigasa.